Rahoton Kwamitin Aikin Murhun Kyafa Kifi da Nama

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da sauran 'yan'uwa da suka sa hannu a aljihu.

Tun da aka kunna wuta a sabon murhun nan tambaya ɗaya ke ta zagayowa, a masallaci, a bakin kasuwa, har a waya cikin dare: ina kuɗin suka tafi, tunda abin da ake gani akwatin ƙarfe ne kawai mai ƙofa biyu? Wanda ya ba da kuɗinsa yana da haƙƙin tambaya. Abin da ya yi mana ciwo shi ne yadda wasu suka yanke hukunci kafin su ji daga bakinmu. To ga bayani.

Kowa ya san halin da iyayenmu mata masu banda suke ciki. Rabin ganga, ragar waya a sama, itace a ƙasa, mace ta wuni tana juya tarwaɗa hayaƙi na cin idonta, kifin ya fito baƙi, wani ya ƙone wani bai bushe ba. Da aka kafa kwamiti mun duba murhun Chorkor da aka fito da shi a Ghana a 1969, da samfurin FTT da FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta yi aikinsa a Thiaroye ta ƙasar Senegal, da na NSPRI, cibiyar binciken adana amfanin gona ta Najeriya mai hedikwata a Ilori. Muka ɗauki darasi ɗaya daga na Senegal: kada kitsen kifi ya ɗiga kan wuta. Matasanmu biyu masu karatun injiniya suka zana murhun a kwamfuta da manhajar FreeCAD, wadda kyauta ce, aka yanke shawarar kai zanen wa injin CNC, wato injin yanka da kwamfuta ke sarrafawa, ya yanka fallayen ƙarfen. Dalilinmu shi ne idan ya yi kyau, zanen yana nan, a Kawo ko Kakuri duk mai so ya yanka irinsa ba sai ya fara daga farko ba.

Yanzu ga inda aka yi asara, kuma ba za mu ɓoye ba.

An zana bangon murhun ne ta yadda kowane falle yake da 'yan harsuna da za su shige ramukan ɗan'uwansa, ya tsaya daram kafin mai walda ya taɓa shi. An auna ramukan a kan ƙarfe mai kaurin milimita 2. Da muka je sayen fallaye, abin da aka rubuta mana a rasit ke nan, mu kuma ba mu tafi da ma'auni ba. Sai bayan an yanka, an zo haɗawa, aka ga harsunan suna rawa a cikin ramuka. Da aka auna, kaurin bai wuce milimita 1.5 ba. Duk da haka muka ce a cike giɓin da walda a gwada, don muna jin nauyin dawowa gare ku. Wannan shi ne kuskure na biyu, kuma ya fi na farko. A gwajin farko ƙofar ɗakin wuta ta lanƙwashe, hayaƙi ya riƙa tsiyaya ta ko'ina, zafi ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Ƙarfe in ya sha zafi miƙewa yake yi, marar kauri kuma in ba shi da haƙarƙari a baya sai ya murɗe.

Fallaye uku suka tafi a haka, da kuɗin yanka, da ladan mai walda, da kuɗin mota. Mai injin bai yi laifi ba, abin da aka ba shi ya yanka. Yaran da suka yi zane ba su yi laifi ba. Mu da muka je kasuwa mu ne ba mu auna ba. Amma masu cewa an cinye kuɗi su zo su gani: fallayen da suka lalace suna jingine a bayan murhun, ba mu sayar da ko ɗaya ba, don wannan ranar muka ajiye su. A karo na biyu sai da aka fara yanka samfurin a kwali aka haɗa, aka auna kowane falle a gaban mai shago, aka sa na ɗakin wuta ya zama milimita 3.

Sai batun tire-tiren da ake shimfiɗa kifi, wanda ya fi komai jawo surutu. An ce me ya sa muka sayi sitenles, wato ƙarfen nan da ba ya saurin tsatsa, mai tsada alhali ga ragar waya mai araha a kasuwar Panteka? Gaskiya ne, su kaɗai sun ci fiye da abin da bangon murhun ya ci, ga shi ƙarfen daga waje ake shigo da shi, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 kowa ya san yadda kayan waje suka koma. To amma ragar nan mai araha rufin tutiya gare ta. Zafi da gishiri da ruwan kifi suna cinye rufin, ya ɓare ya manne a jikin abinci, daga nan tsatsa ta biyo baya. Matan da ke wannan sana'a za su gaya muku sau nawa suke sauya raga a shekara. Sitenles samfurin 304, mai kusan kashi 18 na kromiyom da kashi 8 na nikel, ana wanke shi ya koma sabo. Abin da 'ya'yanmu za su ci ne ke kwanciya a kansa. Sau biyu aka yi zama kan wannan, aka kaɗa ƙuri'a, mutum ɗaya ne bai yarda ba, kuma mun rubuta hujjarsa a littafin taro.

Haka tiren tarar kitse da ke tsakanin wuta da kifi. Idan kitse ya ɗiga kan garwashi yana tashi da wani sinadari da ake kira benzopirin, wanda ke cikin masu haddasa ciwon daji. Tarayyar Turai ba ta karɓar kyafaffen kifin da ya wuce maikirogiram 2 a kowane kilo. Mu ba Turai za mu kai ba tukuna, amma cikin mutumin Tudun Wada ai ba na ƙarfe ba ne.

Ma'aunin zafi da 'yar na'urar Arduino da ke nuna lamba a allo ba su ci wani kuɗi ba. Amfaninsu shi ne mai banda ta ga zafin ciki ba tare da ta buɗe ƙofa ba. Da gawayin ƙirya muke aiki, an hana itace mai fenti da leda. Nama kuma tirensa daban, kada ƙarnin kifi ya kama shi, musamman lokacin layya. Rasitai duka suna hannun ma'aji, kowace Asabar bayan la'asar yana wurin murhun da su.

Godiya ta musamman ga Baba Alhaji da ya ba mu gefen filinsa ba tare da ya nemi ko sisi ba, kuma ranar da ƙofa ta lanƙwashe shi ne ya fara cewa a sake, ya biya falle ɗaya daga aljihunsa. Allah ya gina masa gida a Aljanna. Haka Hajiya uwar ƙungiyar mata, wadda ta bi gida-gida tana tara kuɗin adashi, ta kuma ba da kifinta aka yi gwaji da shi ya lalace ba ta ce uffan ba. Da ɗan'uwanmu mazaunin Legas wanda ya ɗauki nauyin rabin tire-tiren ya ce kada a ambaci sunansa. Da mai waldarmu da ya yafe ladan aiki na biyu. Allah ya saka da alheri, ya albarkaci zuri'a.

Sai dai murhun nan a fili yake tsaye, ba rumfa. Ruwan Kaduna kuwa daga Afrilu yake fara leƙowa, kuma audugar gilas da ke tsakanin bangon ciki da na waje na murhun in ta jiƙe ta daina riƙe zafi, ƙarfen waje ya kama tsatsa. Muna bukatar kwanon rufi, katako, da siminti na daɓen ƙasa. Muna bukatar ƙaramar sola da batir don fanka da ma'aunin zafi, saboda in aka ɗauke wuta tsakiyar aiki kifin mutane ne a ciki. Wanda ba shi da kuɗi, buhun siminti ɗaya ko kwano biyu ko wuni ɗaya na aikin hannu duk muna karɓa, za a rubuta a ba shi rasit nan take. Don Allah a taimaka a rufa shi kafin ruwan farko ya sauka.

Wassalam.
Sakatare, a madadin kwamiti