Wasiƙa zuwa ga aminina kan taswirar daji

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ka tambayi abin da ya ɓoye ni kwana biyu. Taswirar daji nake haɗawa, kuma yawancin dazukan ƙafata ba ta taɓa taka su ba.

Da hotunan tauraron ɗan'adam muke aiki. Taurarin Landsat na Amurka tun 1972 suke ɗaukar hoton duniya, a 2008 kuma aka buɗe rumbun hotunan kowa ya ɗiba kyauta. Ɗigo ɗaya a hotonsu na yanzu fili ne mai mita 30 kowane gefe, kuma kowane tauraro yakan dawo kan wuri bayan kwana 16. Sentinel-2 na Turai, wanda aka harba na farkonsa a 2015, ya fi kaifin ido, ɗigonsa mita 10 ne.

Abin da har yau yake burge ni shi ne yadda ganye ke tona kansa. Ɗanyen ganye yakan shanye jan haske, ya maido da wani haske da idon mutum ba ya iya gani. Tauraron yana auna duka biyun, in tazararsu ta yi yawa mun san akwai ganye mai rai a wurin.

Sai dai, aminina, kore kawai hoton ya sani. Gonar roba ko ta kwakwar manja daga sama kamar kurmi take, alhali sau da yawa kurmin aka sare aka dasa ta. Bishiyar da ta zubar da ganye da rani kuwa, kwamfuta sai ta ɗauka babu ita. Ga gajimare, wanda kan rufe wasu kurmi wata da watanni, sai mun koma ga tauraron Sentinel-1, mai na'urar radar da ke ratsa gajimaren. Ko kalmar daji ma sai an yi yarjejeniya a kanta: hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce fili ne da ya wuce rabin hekta, bishiyoyinsa sun haura mita 5, inuwarsu ta rufe fiye da kashi 10 cikin ɗari.

Shi ya sa nake jin zafi idan aka ɗauki adadi aka yi ta yaɗawa ba a tambayi abin da aka ƙirga ba. Taswirar da jami'ar Maryland ta Amurka ta fitar a 2013 ta nuna an rasa bishiyoyi a murabba'in kilomita miliyan 2.3 a faɗin duniya tsakanin 2000 da 2012, amma a ciki har da gobara da girbin bishiyoyin shuka.

Mako mai zuwa in Allah ya yarda za mu fita da na'urar GPS mu tsaya a kan wasu ɗigon da nake shakka, mu ga abin da ke wurin da idonmu. In na dawo zan rubuto maka inda kwamfutar ta yi daidai da inda ta kuskure. Ka gaida mutanen gida.

Naka,
amininka