Amsa ga mai tambaya kan makaɗin bas da ke tsayawa a baya

Assalamu alaikum, ɗan'uwa.

Ka tambaye mu a bainar jama'a cewa, mutumin da ke tsaye can bayan makaɗan jaz rungume da ƙaton bas, wa ke jin sa, kuma me yake da shi da zai koyar har a kira shi malami? Za mu ba ka amsa da Ron Carter.

An haife shi a 1937 a Ferndale, jihar Mishigan ta Amurka. Da selo, wato ƙanen bas da ake gogawa a zaune, ya fara yana ɗan shekara 10, sannan ya koma bas a makarantar Cass Tech da ke Detroit, a zamanin da baƙar fata ba ya samun shiga cikin makaɗan gargajiyar Turawa da sauƙi. Ya gama makarantar kiɗa ta Eastman a 1959, ya yi digiri na biyu a Manhattan School of Music a 1961. Daga 1963 zuwa 1968 shi ne ke riƙe da bas a tawagar shahararren mai busa kakakin jaz Miles Davis, tare da Herbie Hancock da Tony Williams, daga baya Wayne Shorter ya shigo. A 2015 kundin bajinta na Guinness ya ƙirga masa naɗin kiɗa 2,221. Wanda aka kira situdiyo sau dubu biyu, ai ana jin sa.

Abin da yake koyarwa kuwa, ga shi. Bas ɗin ya kai tsayin namiji, tsirkiya huɗu ne, E da A da D da G, kuma wuyansa babu ƙarafan da ke nuna wurin dannawa irin na gita. Yatsa ya goce kaɗan, sauti ya ɓaci. Shi ya sa ake sa ɗalibi ya riƙa goga tsirkiya da sanda a hankali, domin gogawa tana tona asirin sautin da ya kauce, ja da yatsa kuwa yana ɓoye shi. A hannun hagu, wajen sautuka masu kauri, yatsu uku ke aiki: manuniya, na tsakiya da ƙaramin, na zoben yana tallafa wa ƙaramin. A hannun dama, da gefen manuniya ake jan tsirkiya, nauyi na fitowa daga hannu gaba ɗaya. Mai ja da bakin yatsa sautinsa siriri ne, kuma nan da nan zai yi bororo kafin kanta ta zauna.

Sai tafiyar bas, wadda ita ce zuciyar sana'ar. Kowace gaɓa bugu huɗu ce, sauti huɗu. A bugu na farko ka ba da tushen haɗin sautin da ake kai, wato sautin da aka ɗora sauran sautukan haɗin a kansa, a na biyu da na uku ka bi 'yan'uwansa, a na huɗu ka taka sautin da ke dab da tushen gaɓa ta gaba, domin kunnen mai busa ya san inda aka nufa tun kafin a isa. A fara da salon kiɗan bulus mai gaɓa 12 a kan sautin F. A saita metronom, wato na'urar ƙirga bugu, a bugu 60 a minti ɗaya, a ɗauki ƙararsa a matsayin bugu na biyu da na huɗu. Kuskuren da ya fi yawa shi ne gaggawa wajen canjin haɗi: hannun hagu ya tsorata da nisan da zai yi, sai na dama ya riga lokaci, duk tawaga ta bi shi ta ruɗe. Maganinsa a rage gudu, a maimaita gaɓa biyun nan kaɗai har su zauna.

Wannan ilimin Carter ya kwashe kusan shekara 20 yana koyarwa a City College ta birnin Niyok, a 2008 kuma ya shiga cikin malaman makarantar Juilliard. Idan kana son ka ji da kunnenka, saka faifan Miles Davis mai suna Miles Smiles, ka bar kakaki da ganguna, ka bi bas ɗin kaɗai daga farko har ƙarshe.

Wassalam,
'Yan'uwanka masu koyar da kiɗa