Abin da ke sa fuska ta yi duhu a hoton Sallah

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu in yi magana kan wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, wato yadda mutum zai tara kuɗinsa ya sayi 'yar ƙaramar kyamara irin su Canon PowerShot ko Nikon Coolpix, ya ɗauki hoton idi ko na ɗaurin aure, in ya ga fuska ta yi duhu sai ya ce ai jabu aka sayar masa. Wallahi yawanci ba haka ba ne.

A ƙaramar Sallar da ta wuce na ɗauki kawuna bayan an sauko daga idi, ya sa farar shadda ƙal, rana ta buɗe, ina duba hoton sai na ga rigar ta koma ruwan toka, fuskarsa kuwa sai ido kawai ake gani. Abin da ke faruwa shi ne akwai ma'aunin haske a cikin kyamarar, shi kuma an ƙera shi ne ya ɗauka duk abin da ke gabansa tsaka-tsaki ne, kamar ruwan toka mai mayar da wajen kashi 18 cikin ɗari na haske, to da ya ga farar riga ta cika wuri sai ya zaci haske ya yi yawa ya rage, mu kuma dama fatarmu baƙa ce, ka ga fuska ta nutse ke nan. Haka in mutum ya ba rana baya, ko yana tsaye a ƙofar zaure.

Maganin bai da wahala. A fita daga Auto a koma P, wato tsarin da ke ba ka damar gyara hasken da kanka, sai a nemi maɓallin nan mai alamar +/- a ƙara zuwa +1, nan take rigar kawu ta dawo fara, fuskarsa ta fito har da murmushin. Akwai kuma awon da aka rubuta Spot, mai alamar ɗigo a tsakiya, shi wuri ɗaya tak yake aunawa, sai ka saita ɗigon a fuska ka danna maɓallin ɗauka rabi ka riƙe, ka gyara tsayuwar hoton sannan ka ƙarasa dannawa. Amma fa a kula, yakan haska baƙar fata fiye da kima har aikin wuyan rigar ya ɓace, in haka ta faru a ɗan rage da maɓallin +/- ɗin. Filasha ma da rana tana taimakon fuska, in dai mutum bai wuce mita biyu zuwa uku ba.

Masu zuwa kallon Hawan Daushe a Kano kuwa, doki a guje ba ya jiran Auto. In kyamararka na da Tv, ko S a ta Nikon, wato tsarin da kai ke zaɓar saurin ɗaukar hoton, sa 1/500 ko 1/1000 na daƙiƙa, in babu sai ka zaɓi alamar mutum mai gudu. Da dare kuma kar a cika ɗaga ISO, wato lambar da ke ƙara wa hoto haske a cikin duhu, ya wuce 800, hoto yashi-yashi yake yi a ƙananan nan.

Ina roƙon Edita ya sa masu ɗaukar hoton jaridar nan su riƙa yi mana irin wannan bayani da Hausa ko sau ɗaya a wata, tunda takardar da ke zuwa cikin kwalin kyamara ba da yarenmu take ba.

Naku,
Wani mai karatu daga Zariya