Rahoton Ayyukan Shekara ga Membobi: Tsuntsayen Lambu da Kayan Tarihi, Jos

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga abin da kwamiti ya tattara na bana.

Aikin da ya fi cin lokacinmu shi ne ɗaukar hoton tsuntsaye a lambunan gida, kuma ruwa ya fi hatsi jawo su, musamman daga Disamba zuwa Maris. Kaskon ƙasa ya isa, zurfin ruwan kada ya wuce santimita 3, da dutse a tsakiya don ƙanana irin su baiwar Allah su samu wurin tsayawa. A kafa busasshen reshe kusa da kaskon, domin nan tsuntsu ke sauka ya duba kafin ya sha, nan kuma hoto ya fi kyau. Mai kyamara ya zauna kamar mita 4 ko 5, rana a bayansa, da lens (gilashin gaban kyamara) mai milimita 300 zuwa 400. Hotunan da suka fito dishi-dishi yawanci saurin ɗauka ne ya gaza 1/1000 na daƙiƙa. Acca ta fi dacewa da ƙananan tsuntsaye. In an zuba gero da yawa, kurciya da hasbiya ne ke mamaye wurin. Ruwan a sauya shi kullum, kaskon kuma a nisanta shi da inda kyanwa za ta laɓe. Da hunturu kada a cire lens a waje saboda ƙura, da damina kuma a adana shi cikin akwati mai murfi da sinadarin tsotse laima, in ba haka ba ya yi funfuna.

Mun kuma ziyarci dajin Amurum da ke Laminga, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI take.

A ɓangaren tarihi, mun zagaya gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, muka duba mutum-mutumin yumɓu na Nok, wata tsohuwar al'umma ta zamanin da. Na farkonsu masu haƙar kuza ne suka tono shi a 1928, ba tare da an rubuta yadda yake kwance a ƙasa ba. Abin da ke damun kwamiti ke nan, domin har yau wanda ya ci karo da tsingaro ko kashin maƙera yana gyaran lambu sai ya kwashe ya wanke. Gawayin da ke tare da abin, da zurfin da aka same shi, su ne ke nuna shekarunsa. In an raba su, shaida ta tafi. A bar shi inda yake, a aza ruler kusa da shi, a ɗauki hoto daga sama da gefe, a rubuta lambar GPS, sannan a sanar da gidan tarihi. Dokar 1979 ta hana cinikin irin waɗannan kaya sai ta hannun hukuma, don haka kada memba ya saurari dillali.

Masu kawo hotuna don kundin baɗi su haɗa kowanne da rana, lokaci da unguwa. Wanda babu waɗannan ba za a karɓa ba.

Kwamitin Gudanarwa