Ba da yawan masu kallo ake auna New York Times ba

Assalamu alaikum Edita,

Ka ba ni ɗan fili in yi tsokaci kan wata ɗabi'a da ta fara yawa a tsakanin matasa masu sha'awar aikin jarida, wato auna manyan jaridun duniya da yawan masu kallon bidiyonsu a YouTube da kuɗin da ake cewa suna samu a can. Sai mutum ya buɗe Social Blade, shafin da ke kintata kuɗin da tashoshin YouTube ke samu, ya ga ƙiyasin abin da tashar New York Times ke samu a wata, ya kwatanta da na wani mai bidiyon barkwanci, nan take ya yanke hukunci cewa zamanin jaridar ya wuce. Abin yana damuna, domin darasin da masu tasowa ke ɗauka ba shi ne daidai ba.

Ƙiyasin nan dai kintace ne kawai. YouTube na bai wa mai tasha kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallar da aka saka a dogon bidiyo, farashin tallar kuma yana hawa da sauka gwargwadon ƙasar da mai kallo yake. Sannan bidiyon da ya nuna yaƙi ko gawarwaki ko tarzoma, sau da yawa akan rage masa talla ko a hana shi gaba ɗaya. To, ina aikin jarida mai nauyi ya fi yawa in ba a irin waɗannan wurare ba?

A ranar 29 ga Agustan 2021 wani jirgin Amurka marar matuƙi ya harba makami kan wata mota a Kabul, sojoji suka ce sun daƙile harin ƙunar baƙin wake. Sashen binciken bidiyo na New York Times ya samo hotunan kyamarorin tsaro, ya bi sawun motar tun daga safiya, ya nuna cewa direbanta ma'aikacin wata ƙungiyar agaji ne, kuma jarkokin ruwa ne aka gan shi yana ɗorawa. Mutum 10 suka rasu, 7 daga cikinsu yara ne. Ranar 17 ga Satumba ma'aikatar tsaron Amurka ta fito ta amsa cewa kuskure aka yi. Don Allah, Edita, wane kuɗin talla ne zai biya irin wannan aiki? Waɗanda suka yi shi ba talla suke nema ba. Abin da jaridar ta samu shi ne yardar mai kallo, kuma wannan yardar ce ke sa shi gobe ya ciro kuɗinsa ya yi rajista.

Nan ne asalin arzikinta yake. Tun 2011 ta fara karɓar kuɗi kafin a karanta labaranta a intanet, a 2023 masu biya suka kai miliyan 10. Kuɗin shigar kamfanin ya haura dala biliyan 2 a shekara, kuma kaso mafi tsoka daga aljihun masu karatu yake fitowa. Bidiyon YouTube ƙofa ce da sabon mutum ke leƙowa ta cikinta.

Waɗanda suka mayar da yawan kallo alƙibla sun gani a jikinsu. A 2016 Facebook ya amsa cewa ya daɗe yana zuzuta tsawon lokacin da mutane ke ɗauka suna kallon bidiyo, daga baya a 2019 ya yarda zai biya dala miliyan 40 don sasantawa da masu talla. A tsakanin nan kafofi da dama a Amurka sun sallami marubuta don su koma bidiyo. Kafar labarai ta intanet mai suna Mic ta yi haka a 2017, shekara ta gaba aka sayar da ita a wulaƙance.

Ba ina wanke New York Times ba ne. A 2004 ta amsa cewa rahotanninta kan makaman ƙare dangi a Iraƙi ba su inganta ba, alhali an riga an shiga yaƙi, rayuka sun salwanta. A Disambar 2020 kuma ta janye ginshiƙin shirinta na sauti kan ƙungiyar IS, har ta mayar da lambar yabon Peabody, bayan ta tabbata ba za a iya gaskata labarin babban mai ba da shaidar ba. Irin wannan ne ke iya karya jarida, domin mai biyan kuɗi ba ya jira. Washington Post ta ɗanɗana: da ta fasa goyon bayan kowane ɗan takarar shugabancin Amurka a Oktoban 2024, sama da mutum 200,000 suka soke rajistarsu cikin 'yan kwanaki.

Roƙona shi ne, duk lokacin da za ku kawo mana labarin harkar kafofin watsa labarai, ku faɗa mana mutum nawa ne ke biya, nawa suka fita, da yadda jaridar ta yi a ranar da aka kama ta da kuskure.

Na gode.

Daga mai karanta jaridarku a kullum