Wai Mafarki? Kun Cuci Yaranmu da Wannan Ƙarshen

Assalamu alaikum Malam Edita,

Wallahi raina ya ɓaci da abin da kuka yi mana a kashin ƙarshe na wasan kwaikwayon nan na yarinya da rijiya da gidan rediyonku ya saka. Wai mafarki! Muryar da ke kiran sunanta daga rijiyar bayan gidan kakarta, zoben da ta tsinta a gindin kuka, ƙanenta da ya daina magana, duk a ce uwarta ta tashe ta sallar asuba, shi ke nan a watse? Wa ya rubuta wannan, kuma wa ya duba ya ce a saka?

Ni uwa ce, kuma ina koyarwa a ƙaramar sakandare a nan Daura. Ɗiyata shekararta 13, sa'ar yarinyar wasan. Da can ba ruwanta da rediyo, kullum tana kan wayata. Wasanku ne ya sa take zama tsakar gida bayan isha'i, har ƙawayenta na maƙwabta su shigo. Littafi guda suka ware suna rubuta waɗanda suke zargi. Wasu sun ce tsohuwar nan mai fura ce, ita kuwa ɗiyata ta kafe a kan kawun yarinyar, don shi ne ya hana a yashe rijiyar, kuma shi kaɗai ya san zoben tun kafin a nuna masa. Hujjarta ta fi ta marubucinku ƙarfi. Da aka gama kashin sai ta dube ni ta ce, “Umma, to kenan ba mai laifi?” Na rasa abin ce mata.

Ni dai a ganina tsoro kuka ji, kar a ce gidan rediyo na koya wa yara tsafi. To ai aljanu sura guda gare su a Alƙur'ani, sura ta 72, yaran nan suna biya ta a Islamiyya. Kuma yarinyar ba gidan boka ta nufa ba, Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi ta riƙe. Ina abin ɓoyo a nan? Balle mu mutanen Daura da aka raine mu da labarin Kusugu: maciji Sarki ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, Bayajidda ya sauka gidan tsohuwa Ayana ya nemi ruwa babu, ya je da dare ya sare kan macijin da makamin da maƙeran Gaya suka ƙera masa, ya auri Daurama. Kakanninmu ba su taɓa rufe shi da cewa mutumin ya farka ya gan shi kwance a Bagadaza ba. Ko ƙaryar Gizo sai an kai ta gida kafin a ce ƙurunƙus.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne girman da yarinyar ta yi a gaban kunnenmu. A farko ko bayi ba ta iya zuwa da dare sai an raka ta, amma ga ta ta tsaya gaban manya tana tambayar kawunta ido cikin ido, cikin ladabi kuma. Ɗalibaina mata sun ga kansu a jikinta. Kun zo kun ce musu wannan jarumtar a cikin barci aka yi ta.

Ku sake kashin nan, ku gaya mana wa ke cikin rijiyar.

Sannan don Allah, wa ya ba ku shawarar saka tallan maganin ƙarfin maza a tsakiyar shirin yara? Ina zaune da 'yan mata, mai tallan yana ta zayyano abin da ko a gaban kishiya ba a faɗa, sai tari na dinga ƙirƙira ina rage murya. Ku mayar da shi can bayan ƙarfe goma na dare.

Wata uwa kuma malama,
Daura, Jihar Katsina