Zuwa ga kamfanin da ke sayar mana da hon mai iska: kun bar mu da ƙonannen sitiyari

Assalamu alaikum yallaɓai manaja. Na kira lambar da ke jikin kwalinku ba a ɗauka, na tura saƙo shiru, shi ya sa na kawo maganar nan inda kowa zai gani.

Tsohuwar Hilux gare ni, ta shekarun 1990, da ita nake ɗaukar buhunan hatsi daga Dawanau. Hon ɗinta na asali ya gaji, kuma duk direba ya san in hon ɗinka ba shi da ƙara to masu babur da 'yan adaidaita ba sa ma sanin kana bayansu. Na sayi naku mai kwamfuresa saboda kun rubuta wai yana shiga kowace mota mai batir 12V, har da hoton rile (ɗan makunnin da ke ɗauke wa maɓalli nauyin wuta) da fiyus a bayan kwali. Da na buɗe sai kakaki biyu, kwamfuresa, tiyo, da wata 'yar siririyar waya. Babu rile, babu fiyus.

Abin da ya fi ƙona min rai takardar haɗin ce. Zanenku ya nuna maɓallin sitiyari ne ke turo wuta, alhali a tsofaffin Toyota wuta tana zaune a jikin hon kullum, shi maɓallin ba ya bayar da komai sai nagetif. Mai riwaya ya bi takardarku, yana haɗawa hon ya ɓarke da ƙara ba wanda ya taɓa shi, sai da aka cire kan batir. Daga nan ya ɗaura kwamfuresan a kan wayoyi biyu na asali, ya yi aiki, amma ku kun fi kowa sanin cewa abin nan yana jan kusan amfiya 20, shi kuwa tsohon hon 'yar kaɗan yake ci, to duk wutar nan ta cikin ɗan ƙarfen maɓalli take bi.

Ba a daɗe ba na fara jin ƙaurin roba a gaban mota. Rannan da daddare ga lodi a baya, fiyus ya tsinke, kuma a motar nan fiyus ɗin hon da na fitilar hazad guda ne, na tsaya a gefen titi ba hon ba hazad, tireloli na wuce ni. Da aka kwance sitiyari ƙarfen ya yi baƙi ƙirin, wayarku kuma ta narke ta manne. Na kankare ta da reza, ashe alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe. Haba don Allah, wannan ai wasa da ran mutane ne.

Gyaran da ya tsaya daga baya ba wani abu ba ne: rile mai ƙafa huɗu, ƙafa mai lamba 30 zuwa batir da fiyus kusa da kan batirin, 87 zuwa kwamfuresa da waya mai kauri, 85 da 86 kuma a kan wayoyin tsohon hon. Me zai hana ku zana wannan? Yawancin masu sayen kayanku irin motocinmu suke ja.

Ina so ku mayar min da kuɗin rile da waya da maɓallin sitiyari da ladan mai gyara, rasit na hannuna. Sannan ku sa rile da fiyus a kwali kamar yadda hoto ya nuna, ku gyara zanen, in so samu ne har da bayani da Hausa. Ina jiran amsarku a nan.